Ƙaddamarwa, Teburin Taro, Shago Ko Waya: Wace Hanya Marubuci Kirista Zai Bi Ya Sayar Da Littafinsa?

Marubuta da dama a ikilisiyoyin arewacin Najeriya ba sa zama su yi tunanin yadda littafi zai bar hannunsu sai ranar da aka kira su daga maɗaba'a cewa aiki ya kammala, a zo a kwashe. Daga nan ne mutum zai tsinci kansa da kwalaye jibge a lungun ɗaki, ga bashin da ya ci wajen bugawa, ga kuma masu ba da shawara kowa da tasa: wani dattijo ya ce a shirya ƙaddamarwa a gayyato masu hannu da shuni, wani ya ce a kai shago a Jos, ɗansa da ke jami'a kuwa ya ce duk wannan tsohon yayi ne, a ɗora a intanet a huta. Wannan kwatanci na wanda ya rubuta littafin ibada, ko na wa'azi, ko na zaman iyali, ko tarihin wata ikilisiya ne, da Hausa ko da Turanci, ya buga da kuɗin aljihunsa, kuma ba shi da ƙarfin bin duka hanyoyin a lokaci guda.

Ma'aunan da za a duba

Na farko shi ne kuɗi, wato abin da za a zuba kafin kobo ya dawo, da abin da zai rage a hannun marubuci daga kowane kwafi. Na biyu daɗewa: hanyar ta kwana ɗaya ce, ko kuwa za ta ci gaba da fitar da littafin shekara da shekaru. Na uku sauƙi, domin mafi yawan masu irin wannan rubutu suna da wani aikin, fasto ne, ko malamar makaranta, ko ma'aikacin asibiti. Na huɗu haɗari, wanda ya haɗa da maƙalewar kuɗi, lalacewar kaya, satar littafin, da zubewar mutunci. Na biyar, wanda ni na fi ba shi nauyi, shi ne irin mai karatun da hanyar take kaiwa gare shi, domin maido da kuɗin bugawa abu ɗaya ne, samun wanda zai buɗe littafin ya karanta kuma wani abu ne daban, kuma akwai hanyoyin da suke yin na farkon su bar na biyun.

Akwai wata damuwa da marubuci Kirista yake fama da ita wadda mai rubuta labarin soyayya bai san da ita ba. A Matiyu 10:8 an ce wa almajirai kyauta suka samu, kyauta za su bayar, a Luka 10:7 kuma an ce ma'aikaci ya cancanci ladansa, sannan ga gargaɗin Yohanna 2:16 game da mai da gidan Allah kasuwa. Ba muhawarar tauhidi nake son buɗewa ba. Abin da ya shafe mu shi ne jama'ar ikilisiya suna riƙe da waɗannan ayoyi a zukatansu, saboda haka duk hanyar da ta sa suka ji kamar ana matsa musu da sunan Ubangiji za ta kawo kuɗi yau ta rufe ƙofa gobe.

Domin a samu abin auna kowace hanya, bari mu ɗauki misali na lissafi kawai, kowa ya sa farashin garinsu a madadinsa. A ce an buga kwafi 500, kowane ya tashi a kan naira 1,500, jimla 750,000, ana kuma so a sayar a kan naira 3,000. Idan marubuci ne ke sayarwa da hannunsa, sai ya fitar da kwafi 250 kafin uwar kuɗi ta dawo. Idan mai shago zai cire kashi 30 cikin ɗari, abin da zai zo hannunsa 2,100 ne, wato sai an sayar da kwafi 358. Kafin a kai ga wannan ma, ya kamata a nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda doka ta ce a ajiye masa kwafi 3 na duk littafin da mai zaman kansa ya buga, kuma kada a buga farashi a jikin bango, domin kuɗin takarda yana iya tashi kafin kwalin farko ya ƙare.

Ƙaddamarwa a gaban jama'a

Ita ce hanyar da aka fi sani, ita ce kuma ta fi ruɗin ido. Kuɗinta ba kaɗan ba ne ko da ikilisiya ta ba da majami'a ko zaure kyauta: katin gayyata, rumfa da kujeru, man janareta, abinci da lemo, ɗan abin da za a ba wanda ya yi sharhin littafin, da zirga-zirgar kai gayyata gida-gida, domin babban mutum ba a gayyatarsa da saƙon waya. Ladanta shi ne a wuni guda ana iya haɗa abin da zai biya maɗaba'a, tunda masu ƙaddamarwa ba farashin littafi suke biya ba, girmama marubuci suke yi.

Na taɓa riƙe littafin rubuta alkawura a irin wannan taro. Babban mai ƙaddamarwa bai zo ba, wakili ya turo, wakilin ya karɓi makirufo ya ambaci adadin da ya sa zaure ya ɗauki tafi, mata suka yi guɗa, ya karɓi kwafi biyar ya wuce mota tun kafin addu'ar rufewa. Da aka tashi muka zauna a ofishin fasto muka ƙirga, abin da ya shigo hannu bai kai rabin abin da ke rubuce ba. Sauran ya koma “zan turo”, kuma wata shida marubucin yana buga waya cikin jin kunya, kamar shi ne ya ci bashin. Tun daga ranar nake ce wa kowa ya sa na'urar POS da lambar asusu a kan teburi, kuma kada ya lissafa alkawari a cikin kuɗinsa har sai ya gan shi a banki.

Ta fuskar daɗewa kuwa, ƙaddamarwa wutar kara ce. Ana tashi ta mutu, kuma idan aka dawo da littafi na biyu a ikilisiya ɗaya bayan shekara, kujeru za su nuna cewa jama'a sun gaji. Kwafin da manya suka saya da tsada galibi a kan kanta suke ƙarewa da ledarsu. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba: idan aka ɗora ɗan siyasa a kan babbar kujera ana dab da zaɓe, hotonsa zai bi littafin duk inda ya je, kuma rabin ikilisiyar da ba sa tare da shi za su ja baya.

Teburi a tarurrukan ikilisiya

A ganina wannan ce hanyar da aka fi rainawa alhali ta fi kowace kai littafin Hausa hannun mai karanta shi. ECWA, COCIN, EYN, HEKAN, LCCN, Baftis da sauran ɗariku duk suna da tarurruka na gunduma da na ƙasa, ga na Zumuntar Mata, na Zumuntar Maza, na matasa, na Sabon Rai, ga kuma na FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista. Jama'a sun riga sun taru, sun zo da ɗan guziri, zuciyarsu kuma tana kan abin da littafin yake magana a kai. Abin da za a kashe shi ne kuɗin mota, masauki, da ɗan abin da masu shirya taro za su nema na wurin teburi, ribar kowane kwafi kuma ta marubuci ce gaba ɗaya.

Wahalarta ita ce izini da jiki. Ba a sauke kwali a harabar taro haka kawai. Sai an rubuta wa sakatare tun da wuri, an ba shugabanni kwafi sun duba, domin babu ɗarikar da za ta bari a sayar wa 'ya'yanta koyarwar da ba ta tantance ba, kuma littafin da ya tsaya kai da fata a kan wani ra'ayi game da baftisma ko baye-bayen Ruhu zai sami ƙofa a buɗe a nan, a rufe a can. Idan aka yi sa'a aka sami minti biyar na sanarwa, ya fi kyau wani da jama'a suka amince da shi ya yi maganar, ba marubucin ba, domin yabon kai jahilci ne ko a kan bagade. Teburin kuma ya kasance a waje, a buɗe shi lokacin hutu.

A wani taron Zumuntar Mata na ga abin da ya koya mini fiye da duk wata shawara. Wata uwa sanye da zanen zumunta ta ɗauki littafi, ba ta ko kalli bangon ba, ta buɗe tsakiya, ta miƙa hannu nesa da fuskarta, ta ce, “Ɗana, rubutun nan ƙanana ne, idona ba zai ɗauka ba.” Ta ajiye, ta kwance haɓar zane ta sayi na kusa da shi mai manyan baƙaƙe da shafuka kaɗan. Wanda ya tsaya a bakin teburi yana jin irin wannan, ya gyara bugu na gaba. A nan ne kuma shugabar wani reshe za ta iya ɗaukar kwafi 20 domin nazarin mako-mako, abin da ba ya faruwa a wurin ƙaddamarwa.

Lokaci yana da tasiri. Daga kaka zuwa Ista akwai kuɗi a hannun manoma, da damina ta yi nisa kuwa kowa yana lissafin taki. Haɗarin da ke ciki biyu ne: tsaron hanya, wanda dole a tambaya kafin a kama tafiya da kaya, da bashin “zan biya ranar Lahadi”, wanda ba ya biyuwa idan mai bashin yana wata jiha. Hanyar tana daɗewa muddin ƙafar marubuci tana tafiya, ko ya sami matashi amintacce da zai riƙa zagayawa a kan kamasho.

Shagunan littattafan Kirista da makarantun tauhidi

Jos ce cibiyar wannan harka. Akwai shagon Challenge na ECWA mai rassa a garuruwa da dama, akwai shagon ACTS da ke Bukuru kusa da kwalejin tauhidi ta TCNN, wanda ya fi mayar da hankali kan littattafan ɗaliban tauhidi, ban da ƙananan shaguna da ke harabar manyan majami'u a Kaduna, Abuja, Gombe da Yola. Shiga shago ba ya cin kuɗi sai na kai kaya, amma mai shago zai cire kasonsa, kuma sabon marubuci galibi ajiya ake karɓa daga gare shi, wato sai an sayar a biya. Sauƙinta a fili yake, tunda ba sai an tsaya a rana ba, kuma ganin littafi a kan kantar sanannen shago yana ƙara masa daraja a idon fastoci.

Abin da ya kamata a sani shi ne shago ba ya talla. Mai shigowa Littafi Mai Tsarki ko littafin waƙoƙi ya zo nema, ba zai tambayi sunan da bai taɓa ji ba, saboda haka shago wurin da ake tura mai saye ne bayan an ja hankalinsa a wani wuri. Kuɗi yana iya kwana wata da watanni, kwafi kuma su yi ƙura ko rana ta kashe launin bangonsu. Maganin wannan shi ne a fara da kwafi 10 ko 20, a karɓi rasit mai adadi da farashi da kwanan wata, a kuma yi yarjejeniyar zama lissafi duk wata uku.

Ga wanda littafinsa na nazari ne, akwai ƙofar da ta fi duka daɗewa. Idan malami a JETS, makarantar tauhidi ta ECWA da ke Jos, ko TCNN, ko makarantar tauhidi ta Kagoro, ko wata makarantar Littafi Mai Tsarki da ake koyarwa da Hausa, ya sa littafin cikin waɗanda ɗalibai za su karanta, to kowace shekara sabon aji zai saya ba tare da an sake yin magana ba. Kwafi ɗaya da aka kai wa irin wannan malami kyauta, da ɗaya ga ɗakin karatun makarantar, ya fi katin gayyata ɗari amfani. Sai dai ba a samun wannan da roƙo, sai aikin ya tsaya da ƙafarsa.

WhatsApp da Facebook, kaya kuma ta tasha

Kuɗin shiga a nan data ce kawai, amma ana biya da lokaci. Sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, jerin aika saƙo ga mutane da yawa yana ɗaukar lamba 256 kuma ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarka, zauren WhatsApp ɗaya kuma yana ɗaukar mutum 1,024. Hoton bango da “ku saya ku sami albarka” ba ya motsa kowa. Abin da na ga yana aiki shi ne a ba mutane ɗanɗano: sakin layi guda da ya taɓa matsalar da suke ciki, ko muryar marubuci yana karanta shafi ɗaya cikin minti biyu, wanda ga masu jin Hausa ya fi rubutu saurin yawo daga waya zuwa waya.

Tallan da ake biya a Facebook yana ba da damar zaɓar gari da shekarun waɗanda za su gani, kuma ana iya gwadawa da kuɗi kaɗan na kwana uku kafin a ƙara. Sai dai a yi hattara, domin tallan addini da Hausa zai faɗa gaban mutanen da ba su nema ba, kuma kalma ɗaya mai kama da gugar zana tana iya mai da wurin sharhi fagen gardama. A tsaya kan abin da littafin ya ƙunsa, a kuma sa ido a kan sharhin.

Inda gizo ke saƙar shi ne isar da kaya. A naɗe littafi a leda, a rubuta lambar mai karɓa da babban alƙalami, a kai tasha a ba direba, sai a tarar kuɗin aikawa ya kusa kai kuɗin littafin, mai saye ya fasa. Mafita ita ce a ajiye kwafi 15 ko 20 a hannun amintaccen mutum a kowane babban gari, a riƙa tura masu saye wurinsa. Kada kuma a saki kaya saboda hoton rasit da aka turo, sai an duba asusu an ga kuɗin, domin alat na bogi bai san littafin ibada ba.

Littafin da ake karantawa a waya

Ba takarda, ba kwali, ba tasha. Dandali irin Selar yana karɓar kuɗi da naira, ya cire ɗan kasonsa, ya tura saura asusun banki na gida, mai saye kuma ya sauke littafin nan take ko yana Legas ko yana Landan. Kafin a ɗora a tabbata ɓ da ɗ da ƙ sun fito daidai a ƙaramar waya, domin wasu nau'o'in baƙaƙe suna mai da su akwatuna. Babban haɗarin shi ne kwafi ɗaya da aka saya zai shiga zauren matasan ikilisiya kafin dare, kuma wanda ya tura yana ganin bishara yake yaɗawa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana bayan marubuci, amma wa zai kai ɗan ƙungiyar mawaƙan ikilisiyarsu kotu? Dandalin ma ba dawwamamme ba ne: OkadaBooks, wanda marubutan Najeriya da yawa suka dogara da shi, ya rufe a watan Nuwamba na 2023. Don haka ainihin fayil da lambobin masu saye su kasance a hannun marubuci.

Amazon kuwa sunansa ya fi amfaninsa ga mai zama a nan. Yana biyan kashi 70 ko 35 cikin ɗari, gwargwadon farashin littafin waya da ƙasar da mai saye yake, kuma kuɗin yana zuwa kimanin kwana 60 bayan ƙarshen watan da aka yi cinikin. Da yake babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka, ana riƙe kashi 30 na abin da aka samu daga kasuwar Amurka, sannan karɓar kuɗin yakan buƙaci asusun karɓar kuɗin waje irin na Payoneer. Hausa ba ta cikin jerin harsunan da KDP, tsarin wallafa littafi na Amazon, ya lissafa, don haka wannan ƙofa ta mai Turanci ce, shi ma sai in yana da mutane a waje da za su nemi sunansa.

Rediyo

Yana kaiwa ƙauyen da Facebook ba ya kaiwa, kuma mai sauraron Hausa yana amincewa da muryar da ya saba ji. Sayen fili a tasha irin PRTV ta Jos yana da tsada ga mai littafi ɗaya, don haka ya fi a nemi gayyata cikin shirin addini da ya riga ya kafu. Ko an samu, ba shi da amfani sai an iya faɗin takamaiman wurin da za a sami littafin.

| Hanya | Kuɗin farawa | Daɗewa | Sauƙi | Babban haɗari | Wanda take kaiwa |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙaddamarwa | Mai yawa | Wuni ɗaya | Shiri mai gajiyarwa | Alkawarin da ba a cikawa | Masu kuɗi da dangi |
| Teburin taro | Matsakaici | Muddin ana zagayawa | Wahalar jiki da neman izini | Hanya da bashi | Masu karatu na gaske |
| Shago da makaranta | Kaɗan | Shekaru | Mai sauƙi | Maƙalewar kuɗi | Fastoci da ɗalibai |
| WhatsApp da Facebook | Kaɗan | Muddin ana aiki | Kullum sai an taɓa | Kuɗin aikawa, alat na bogi | Matasa da mazauna birni |
| Littafin waya | Kusan babu | Gwargwadon ran dandali | Sai an koya | Turawa kyauta | Na nesa da na ƙasar waje |
| Rediyo | Mai yawa in an saya | Gajere | Matsakaici | A ji, a rasa inda za a saya | Karkara |

Wace ta dace da wa

Wanda bashin maɗaba'a yake wuyansa, kuma yana da mutanen da za su amsa gayyatarsa, ya yi ƙaddamarwa, amma ƙarama, bayan sujada, ba tare da girki ba, ya kuma ware aƙalla rabin kwafin domin teburin taro, tunda ranar ba za ta ba shi masu karatu ba. Haka ma mai tarihin wata ikilisiya ko rayuwar wani dattijo, wanda masu sha'awarsa duk 'yan gida ne: ya haɗa ƙaddamarwar da bikin cikar shekaru, ya buga daidai yawan jama'ar.

Mai littafin Hausa na ibada, aure ko tarbiyyar yara ya fara da tarurrukan ɗarikarsa, musamman na mata, ya tallafa da muryarsa a WhatsApp, ya manta da Amazon. Idan yana hangen ikilisiyoyin Maraɗi da Damagaram, inda ake sujada da Hausa, hanyar ita ce hannun fastocin da ke zuwa taro, a kuma daidaita farashin da sefa tun kafin kaya su tashi. Mai sharhin Littafi Mai Tsarki ko littafin koyon wa'azi ya nufi malaman makarantun tauhidi da shagunan Jos da Bukuru, ya kuma shirya haƙurin shekara biyu ko uku kafin kwalayen su ƙare.

Matashin da ba shi da kuɗin bugawa ya fara da littafin waya a farashi mai sauƙin da ba zai sa a ji sha'awar sata ba, ya tattara lambobin waɗanda suka saya, in sun kai adadin da zai iya biyan bugu sai ya karɓi kuɗinsu tun kafin ya je maɗaba'a. Wanda kuwa burinsa bishara ce zalla, ba ya neman ko sisi, ya nemi ikilisiya ko wasu 'yan'uwa su ɗauki nauyin bugawa, ya rubuta “ba na sayarwa ba ne” a bayan bango, ya raba ta hannun masu bishara na karkara da masu ziyarar asibiti da gidan yari, fayil ɗin kuma ya sake shi da kansa a WhatsApp da lambarsa a shafin ƙarshe.